Masu Ambaton Shafi Na Tara

Shekara goma sha ɗaya takardata tana barci. Bincike ne na yi kan cunkoson gidajen haya a tsohuwar unguwar bayan tasha, aka buga a mujalla, kuma duk tsawon shekarun nan sau uku aka ambace ta a wani rubutu. Biyu ma ni ce na ambaci kaina. Sai ga shi ana saura wata huɗu zaman ƙarin girma, lambar ta tashi daga uku zuwa hamsin da biyu.

Ban yi murna ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shugaban kwamitin ƙarin girma na jami'armu, wanda muke kira Jan Biro, ya aiko in zo ofis. Ko kujera bai nuna min ba.

"Dakta, da yawan ambato muke auna tasirin malami, kin sani. Mun kuma san akwai masu sayensa." Ya juyo min da kwamfutarsa. "Zuwa Alhamis ki kawo bayanin inda waɗannan suka fito. In babu, ba maganar ƙarin girma za mu yi ba, maganar aikinki ce."

Ni da saye?

Zargina ya tafi kai tsaye kan abokin ofis ɗina, wanda ake wa laƙabi da Murmushi. Kujera ɗaya muke nema ni da shi, kuma mutumin da ke yi wa kowa fara'a tun sassafe ai abin tsoro ne. Da safen nan ma ce min ya yi, "Barka da arziki, tauraruwa!" Na ce a raina, kai ka ɗana min tarkon nan, ka tara min ambaton bogi don a kama ni. Daga ranar ko bayi zan shiga sai na kulle durowa.

Hajiyar laburare ce ta taimake ni. Kwana biyu muka yi muna fito da rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, har tawadar injin ta fara dusashewa. Can ta sauke gilashinta.

"Ke, duk shafi na tara suke ambata. Me kika ajiye a can, zinariya?"

Jadawali ne a shafi na tara. Gidan Gwaggo, ƙanwar babana: ɗaki tara, mutum arba'in da ɗaya, famfo ɗaya. Da hannuna na auna ɗakunan, ita ta riƙe min bakin tef tana dariya. A shafi na ashirin na rubuta ƙarara cewa kada a rushe unguwar, a gyara magudanai, a ƙara ruwa. Ashe babu wanda ya karanta har can.

Muka bi sawu har tushe. Rahoton wani kamfanin masu ba da shawara ne kan sabunta gari, sauran duk daga shi suka kwafa. Jadawalina ne hujjarsa ta farko ta cewa a share unguwar. Murmushi ba shi da hannu. Na ji kunya, amma tsoron da ya kama ni ya fi kunyar.

Ranar Alhamis na ajiye wa Jan Biro rahoton, don ba ni da wata shaida. Ya karanta, ya miƙe, ya jawo min kujera da kansa.

"Ai wannan shi ne tasiri, Dakta! Bincike ya bar kantar laburare ya shiga aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da na rubuta suka ɗauka ba."

"Ambato dai ambato ne," ya ce, ya sa hannu.

Ina fitowa baranda wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, muryarta cike da murna.

"'Yar nan, mutanenki sun zo, har da bokitin fenti. Sun nuna min takarda da sunanki a jiki, na ce ai 'yata ce. Na yi musu shimfiɗa, na ba su ruwa. Sun yi wani jan zane a bango, sun ce kwana talatin. Kwana talatin na mene ne? Na ce bari in tambaye ki, ke kika yi karatun."