Littattafan Baba Ma'aji

"Rufe littafin," in ji Malam Rufa'i, yana buga sandarsa a ƙasa. "A ɗakin jarrabawa ba mai buɗe maka. Kawo ta da ka."

Mujitaba ya rufe, ya jero amsar yadda take a shafin, tsohon yana gyaɗa kai kamar mai karɓar hadda. A littafin amsar daidai ce. A jarrabawa kuwa sifili za ta jawo masa, don dokar harajin da ke ciki an sauya ta tun yana firamare. Ya san haka sarai, amma bai taɓa faɗa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Yako. Malam Rufa'i, wanda gari ke kira Baba Ma'aji, a baitulmalin ƙaramar hukuma ya yi aiki har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo, Bature, yana Fatakwal, sai dai a ji muryarsa a waya. A zamaninsa ya bi jarrabawar zama ƙwararren akanta har matakin ƙarshe, takarda ɗaya ta rage masa. Sau biyu ake yin ta a shekara, Mayu da Nuwamba, kuma a cewarsa wanda ya tsara haka bai taɓa riƙe fartanya ba. In Mayu ta zo ga sharar gona da jiran shuka, sai ya ce Nuwamba. In Nuwamba ta zo ga dawa a tsaye, sai ya ce Mayu. Haka ya yi ta yi har furfura ta cim masa.

Ranar da ya ji Mujitaba ya kai wannan matakin, da kansa ya rungumo kwalin littattafansa, yana haki, ya dire masa. Takardun sun yi ja, gara ta ɗanɗana gefensu. Mujitaba ya buɗe baki zai ce manhaja ta canza, sai ya ga yadda tsohon ke shafa bangon littafin, ya haɗiye maganarsa ya yi godiya.

Tun daga nan karatunsa ya rabu biyu. Na gaskiya yana cikin wayarsa, sabuwar manhaja da tambayoyin shekarun baya, yana leƙa su a shagon taki da yake yi wa lissafi a Ƙafin Maiyaki in ciniki ya lafa. Na bayan la'asar kuma a zauren Baba Ma'aji.

"Kai dai kana son wahala," in ji matarsa Shamsiyya. "Lokacin naka nawa yake da za ka riƙa zuba ruwa a kwando?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi masa zafi. Sai dai duk faɗin Yako babu wanda ya san abin da yake karantawa. A majalisa ɗalibin dindindin suke ce masa. Tsohon nan kaɗai ne in ya ce lissafi ya ƙi daidaita zai dafe kai ya ce subhanallahi da gaske.

Ana fara yankan dawa ƙafafun Malam Rufa'i suka kumbura, numfashi ya soma yi masa gardama. Mujitaba ya goya shi a babur zuwa asibiti a Kiru, aka ce zuciya ce, aka ba da magani. Bature ya ce yana tafe ƙarshen wata. Karatu ya tashi daga zaure ya koma bakin gado. Mujitaba ke tallafa shi ya yi alwala, Shamsiyya ta miƙo kunu ta kan katanga. Ga jarrabawa ta ƙarato, kuma a Kano ake yin ta, kwanaki a jere.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya zauna yana matsa masa ƙafa, ya faɗi abin da ya daɗe yana juyawa.

"Baba, na yi shawara. Zan bar ta sai Mayu."

Tsohon ya janye ƙafarsa.

"Mayu? Ni za ka gaya wa Mayu? Ai tsohuwar ƙawata ce, na san ta ciki da bai. Kullum tana tafe." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ka gama shiri ko ba ka gama ba?"

"Na gama, Baba. Amma wa zan bar ka da shi?"

"Wanda ya bar ni da kai. Miƙo wayar nan taka."

Mujitaba ya ciro wayar ya riƙe ta a hannu.

"Buɗe na gaskiyar ka karanta min. Tsufa na yi, Akanta, ban haukace ba. Ina jin rediyo. Littattafan nan sun riga ni mutuwa."

"Baba, ashe ka sani? To me ya sa..."

"Da na faɗa, me za ka zo yi zaurena?"

Mujitaba ya sunkuyar da kai. Kunya da tausayi suka kama shi, hawaye suka zubo bai iya tare su ba. Da ƙyar ya saita murya ya soma karanta sabbin ƙa'idojin. Tsohon ya lumshe ido yana saurare, can ya yi tsaki.

"Kai, mutanen nan! Sun ɗauki abu mai sauƙi sun dagula shi."

Dariya ta ƙwace musu su biyu, har ta koma masa tari. Da ta lafa ya kama hannun Mujitaba.

"Ka je. In ka dawo ka zauna nan ka faɗa min abin da ya fito, tambaya bayan tambaya. Kada ka faɗa min a waya, a waya ba daɗi."

Ya tafi. Kowace yamma yana kira, Shamsiyya ta kara wa tsohon waya a kunne, ya ce da sauƙi. Ranar takardar ƙarshe da safe ta ce yana hutawa, ta yi masa fatan sa'a. Da ya fito ya kira, ba ta ɗauka ba, ya ce ko tana aiki ne.

A mota bai yi hira da kowa ba. Tambayoyin yake ta bita a ransa don kada ko ɗaya ta kuɓuce. Ta biyun ce za ta fi yi wa Baba daɗi, don da tsohuwar hanya ma ana iya warware ta. Har ya shirya yadda zai ja masa rai kafin ya faɗi amsar da ya bayar. A Ƙafin Maiyaki ya hau acaɓa, yana ta ce wa mai babur ya ƙara wuta.

Tun daga kwanar layinsu ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar zauren.

Liman ne ya taso ya tare shi, ya riƙe masa hannu.

"Sai haƙuri, Mujitaba. Da hantsi Allah ya karɓi abinsa, mun kai shi bayan azahar. Shi ya hana a kira ka. Ya sa iyalinka ta yi masa alkawari."

Mujitaba ya yi salati, ya sake yi. Ya dubi tabarmin. Mutanen ba su da yawa, ana tsakiyar girbi, wasu daga maƙabarta gona suka wuce.

"Bature yana hanya, sai gobe ko jibi," in ji Liman. "Babu mai karɓar gaisuwa. Zauna nan."

Ya nuna masa kusa da shi, inda ɗan mamaci ke zama. Mujitaba ya cire takalmi ya zauna, jakarsa na rataye a kafaɗa. Masu dawowa daga gona suka riƙa tsayawa, su jingine babur, su durƙusa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Babu wanda ya tambaye shi yaya jarrabawa, bai kuma ga laifinsu ba. Rana ta yi sanyi. Na ƙarshe ya shafa fatiha ya tashi, Liman ya tafi alwalar magariba. Mujitaba ya rage shi kaɗai a kan tabarma, ya jingina da bangon zauren, leɓɓansa na motsi a hankali. Ya kai tambaya ta biyu.