Jirgin Shamsiyya

Tasi'u ya janye zanar ƙarshe daga kan fiffiken jirgin, ƙura da kashin gwara suka zubo masa a wuya. Ya sa hannun riga ya goge wurin, ya ja da baya yana dubawa. Fentin rawaya ne, har yanzu da sauran sheƙinsa.

"Ƙara goge wajen hancin," in ji Baƙo daga inuwar ɗaya fiffiken, yana ɓare goro. "Tun daga cikin mota mai sayen nan zai fara yi masa kuɗi."

Baƙo dillalin babura ne da injinan ban ruwa a kasuwar Haɗeja. Bai taɓa sayar da jirgin sama ba, amma ya ce duk abin da ke da inji da taya cinikinsa iri ɗaya ne.

Tasi'u ya shiga goge hancin. Idonsa yana bayan gona, inda ciyawar kacala ta yi duhu. Karan da ya kafa jiya a bakin ruwa don ya gane hauhawarsa, yau kansa kaɗai ake gani. A masallaci da asuba an ce ruwan ambaliya ya wuce Miga. In ya iso fadamar nan, filin da jirgin yake tsaye shi zai fara ci.

Jirgin na yayansa ne, Alhaji Ibrahim, mai fataucin shinkafa da riɗi. Ya saye shi a hannun wasu da suka gama kwangilar feshin tsuntsayen jan-baki, yana sa ran shi ma zai samu irin aikin. Ya sa aka daddaɓe masa fili a gefen gonarsa da ke hanyar Baturiya, ya ɗauko matuƙi daga Zariya. Damina ɗaya jirgin ya yi yana tashi, Alhaji ya kwanta ciwo, ya rasu. Ya bar mace da 'ya guda, Shamsiyya.

Ranar rabon gado, masu ƙima suka yi wa jirgin naira miliyan arba'in da biyar. Duk dukiyar babu abin da ya kai shi. Tasi'u ne waliyyin yarinyar, aka ce ya zaɓa mata. Ya ji tsoron bakin mutane, kada a ce ya ɗauki mai tsoka ya bar wa marainiya ƙashi. Sai ya zaɓa mata jirgin. Uwarta ta samu gida. Shi kuma gonar shinkafar ta faɗo a rabonsa, da ita yake ciyar da 'ya'yansa shida.

Tun daga ranar yake gadin jirgin. Ya ɗora shi a kan bulo don kada tayoyin su ci ƙasa. Ya yi masa rumfar zana, ya kulle ƙofar, ya rataye makullin a wuya. Shekara uku ke nan. Masu zuwa kallo da ɗaukar hoto ba su ƙare ba, amma mai tayawa babu, sai wani ɗan gwangwan da ya ce a ɗora shi a sikeli, Tasi'u ya kore shi da sanda.

"Ga su can," in ji Baƙo, ya miƙe yana karkaɗe riga.

Motar ta tsaya a bakin kwalta, don turbar da ta shigo gona ta riga ta yi laushi. Wani dogon mutum mai zanen Barebari a kumatu ya fito da jaka a hannu, ya naɗe ƙafar wando. A bayan motar ɗan acaɓa ya sauke wata budurwa. Shamsiyya ce. Tasi'u bai gaya mata yau mai saye zai zo ba.

"Baffa, ina kwana?" Ta durƙusa. "Umma ce ta ce in zo in gani."

"Kin kyauta, 'yar Yaya. Tsaya a inuwa."

Ta gama sakandare tun bara, tana jiran a sayar da jirgin ta tafi karatun likita. Duk sanda ta zo gaishe shi, abu ɗaya yake ce mata: jirginki yana nan lafiya.

Dogon mutumin shi ne Injiniya Kolo, mai gyaran ƙananan jirage a Kaduna, ɗan asalin yankin Tafkin Cadi. Baƙo, wanda uwarsa Bafulatana ce, ya tare shi da wasan da ke tsakaninsu.

"Ashe Babarbare ne! To, yau bawa ya zo sayen kayan iyayen gidansa."

"Bafulatani da dillancin jirgi?" Kolo ya yi dariya. "Sanda ka ajiye a ina? Kada ka ce min nono yake sha."

Aka gaisa. Kolo ya zagaya jirgin a hankali, yana ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa, yana leƙa ƙarƙashin fikafikan. Da ya ga bulon, ya gyaɗa kai.

"Wa ya ɗora shi a nan? Ya yi dabara."

Tasi'u ya ji sanyi a ransa. Ya saci kallon Shamsiyya ko ta ji.

Baƙo ya ga ƙofa ta buɗe, ya gyara murya ya shiga aikinsa.

"Injiniya, wannan ba irin kayan da aka mora ba ne. Kamar amarya yake a lulluɓe. Tun ranar da Alhaji ya kwanta dama, ko tari injin nan bai yi ba."

Hannun Kolo ya tsaya a kan murfin injin.

"Ba a taɓa tayar da shi ba?"

"Ko sau ɗaya! Ai direbansa ya dawo bayan sadakar arba'in, wai a ba shi kuɗin mai ya riƙa zuwa lokaci lokaci yana zagaya gari da shi. Ka ji ɗan duniya! Yana so ya ƙarar da injin marainiya a yawon banza. Malam Tasi'u ya ce masa ya kama hanyar Zariya tun da mutunci. Ko ba haka aka yi ba?"

"Haka aka yi," in ji Tasi'u. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, don ya ga fuskar Kolo ta canza.

Kolo ya kwance murfin. Ciyawar sheƙar gwara ta zubo, ga gidajen zanzaro jere a jikin ƙarfe. Ya cire fulogi ɗaya, ya zura wata siririyar waya mai fitila a bakinta cikin ramin, ya haɗa ta da wayarsa ta hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya cire na biyu, ya sake zurawa. Sannan ya yafito Tasi'u.

"Malam, zo ka gani da idonka."

A fuskar wayar Tasi'u ya ga wani abu kamar cikin tsohuwar rijiya, ja-ja-ja, duk ya yi ƙuraje.

"Mene ne wannan?"

"Tsatsa. Nan ya kamata ya zama kamar madubi." Kolo ya sauke murya. "Injin jirgi ba kamar na babur ba ne, da ake ajiyewa a ɗaki ya ƙara daraja. Shi in bai tashi sama ya yi zafi ba, raɓa ce ke kwana a cikinsa. Ga ku a bakin kogi. Matuƙin nan gaskiya ya gaya maka."

"Amma ban bari ko ruwan sama ya taɓa shi ba."

"Na gani. Jikinsa lafiya ƙalau. Ka yi wahala, wallahi. Amma rabin kuɗin jirgi yana cikin injinsa, wannan kuwa sai an sauke shi an sake komai. Farfelar ma lokacinta ya wuce a tsaye."

Tasi'u ya dafa fiffiken. Ƙarfen ya fara ɗaukar zafin hantsi. Ya tuna fuskar matuƙin a ƙofar gidansa, yana cewa, "Baba, ko sau ɗaya a wata," shi kuma yana jin daɗin cewa ya kare dukiyar marainiya daga macuci.

Baƙo ya haɗiye goronsa. "To, Injiniya, duk da haka kaya suna gabanka. Taya."

"Miliyan bakwai."

"Albarka!" Baƙo ya daka tsalle kamar an taka shi. "Bakwai? Ko motar da ta kawo ka ai ta fi haka. Haba Babarbare, ji tsoron Allah, kayan marainiya ne. Ga ta nan tsaye."

Kolo ya juya ya dubi Shamsiyya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Takwas," ya ce. "Don ita. Ba zan iya ƙara ko sisi ba, ni ma sai na nemo inji daga waje. Kuma da sharaɗi. Babbar motata tana cikin gari, amma ba za ta shigo wannan laka ba. Ku fitar min da shi bakin kwalta yau, a can zan kwance fikafikan. In ruwan can ya taɓa shi, ko kyauta ba na so."

Ya koma gefe yana harhaɗa kayansa, ya ba su wuri.

Baƙo ya ja Tasi'u bayan wutsiyar jirgin.

"Kada ka yi gaggawa. Mu ce albarka, bayan damina in nemo wani daga Legas."

"Bayan damina kifi ne zai kwana a ciki."

"To mu ja shi kan tudu mu ajiye."

"Wane tudu, Baƙo? Kuma wanda zai zo daga Legas ba shi da irin wayar nan mai fitila?"

Can Baƙo ya ce, "Ni dai na yafe la'adata. Bakina ne ya jawo."

"Ba bakinka ba ne."

Tasi'u ya dubi gonar. Shinkafar ta yi kore shar, ta fara ɗaukar ciki. Wannan ɓangaren yana da ɗan tudu, ko a shekarar babbar ambaliya rabinsa ya tsira. Kuɗin gona a fadamar nan ya ninka tun bayan rabon. Kowa a unguwa zai yi lissafin da shi ma yake yi yanzu: baffa ya zaɓa wa marainiya tsatsa, shi ya riƙe ƙasa. Ba wanda zai tuna ranar da jirgin ya fi komai tsada. Ya tuna buhunan da ke shiga gidansa duk kaka, da autansa mai ciwon sikila da ake kai wa asibiti, da babban ɗansa da zai zana jarrabawar fita bana.

Ya taka zuwa wurin Shamsiyya.

"Kin ji komai."

"Na ji, Baffa."

"Takwas ba za su kai ki inda kike so ba."

Ta sake sunkuyar da kai.

"Ni na zaɓa miki shi, ni kuma na hana a tashe shi. To, ga yadda za a yi. Za mu yi musanya. Jirgin ya dawo rabona, in karɓi takwas ɗin. Gonar nan ta zama taki, har da abin da ke cikinta. Gobe mu je gaban alƙali da ummanki. Ba za ta kai abin da aka rubuta miki ba, amma in an sayar da amfaninta duk shekara, za ta riƙe karatunki."

Ya faɗa, ya tsaya. A can cikin ransa yana jiran ta ce, "A'a Baffa, su Auta fa?" Ya riga ya shirya yadda zai nace, ita ma ta nace, a ƙarshe wataƙila a raba gonar biyu.

Shamsiyya ta ɗago kai. Idanunta irin na Alhaji ne sak. Ta dubi shinkafar tun daga bakin filin har zuwa kacala.

"To, Baffa," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Tasi'u ya gyaɗa kai sau biyu. Ya juya, ya je ya kama hannun Kolo.

"Na sallama."

"Allah ya sa albarka," in ji Kolo.

Babu tarakta a kusa, duk an kwashe su zuwa tudu saboda ruwa. Tasi'u ya tafi bukkar gona ya kwanto shanun huɗarsa biyu. Kafin ya dawo, Kolo ya ba tayoyin iska, manoman da ke maƙwabtaka sun taru sun sauke jirgin daga kan bulo. Aka ɗaura igiya a ƙafafunsa na gaba, aka haɗa da karkiyar shanun.

"Ana son mutum mara nauyi a ciki," in ji Kolo, "ya taka birki in na ce ya taka."

Shamsiyya ta dubi baffanta. Tun rasuwar mahaifinta ba ta taɓa shiga ba. Shi ya hana kowa shiga, don kada kujerun su goge. Ya ciro makullin daga wuyansa, ya buɗe ƙofar. Wani warin zafi da tsohuwar fata ya buso. Ta tattare hijabinta ta hau, Kolo ya nuna mata inda za ta sa ƙafa.

Tasi'u ya kama igiyar hancin sa na dama, ya yi musu tsawa. Shanun suka sunkuya, igiya ta miƙe, jirgin ya yi ƙara, ya girgiza, ya motsa.

"Allahu Akbar, ya tashi!" Baƙo ya ɗaga hula sama. "Hajiya direba, a sauke ni a Jidda!"

Mutane suka fashe da dariya suna turawa daga baya. Tayoyin suna nutsewa suna fita, ruwa yana tsattsafowa a sawun da suka bari.

Hanyar da ta fi kusa zuwa kwalta ta ratsa ta kusurwar gonar ne, inda ƙasa ta fi tauri. Nan Tasi'u ya saba bi da amalanke. Shanun suka nufi wurin da kansu. Sai da ƙafafunsu suka kusa kunyar farko, sannan ya ja igiyar da ƙarfi, ya karkatar da su hagu, ta cikin laka.

"Malam, nan ai ya fi nisa!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Ku tura kawai," in ji Tasi'u, laka ta kai masa ƙwauri. "Kada mu taka wa mutane shinkafa."