Hannu Ɗaya Ya Rage wa Wistin

Wistin na saman rufin gidansa, yana ƙoƙarin daidaita kyamara bisa ƙafafunta uku da hannun hagu, sai maƙwabciyarsa Karmena ta leƙo daga saman benenta.

"Kai tsoho, gari duk yana dandalin coci, kai kana nan kamar mujiya! Sauko ka ci naman zomo."

"Ki ajiye mini ƙashi," ya ce.

Ta yi tsaki ta sauka.

Rabin rayuwarsa a rumfar haɗa wutar biki, irin wadda ake harbawa sama ta fashe, ya yi ta, a wannan ƙauye na Malta, har ranar da albarushi ya tashi da hannunsa na dama. Tun daga nan sai dai kallo. 'Yarsa Rożarja ce ta aiko da kyamarar daga Ostireliya, ita da ta yi ta cewa za ta zo bikin bana, ta koma cewa baɗi.

Ya koyi aiki da kyamarar a hankali. Za ka danne maɓallin da ke jikin igiya, idon kyamara ya zauna a buɗe, wuta ta zana hanyarta cikin duhu, sannan ka saki. Yau kuwa yaran rumfa za su harba babbar wutar da shi ya tsara, ya sa mata sunan marigayiya matarsa. Guda ɗaya suka haɗa.

Ƙararrawar coci ta buga. Ya ji ƙasa ta girgiza da harbin wutar, ya danna maɓallin.

Sai waya ta ɗau ƙara a aljihunsa. Ya san ko wace ce, kuma rabonta da kira tun hunturu. Wutar na hawa. Ya saki igiyar, ya lalubo wayar.

"Baba? Ina hanyar aiki, na ce bari in..."

Sama ta tsage da shuɗi da ruwan zinariya, tagogi suka amsa.

"Wayyo, Baba! Ta Mama ce?"

"Ita ce."

Ya ji tana jan hanci. "Ɗaga wayar in ji sauran."

Ya ɗaga ta sama har kafaɗarsa ta gaji.

"Jirgin ƙasa ya iso, Baba. Ka turo mini hoton, ka ji?"

"To," ya ce.

Da ta kashe, ya duba kyamarar. Baƙi ƙirin, sai wani siririn zaren haske da ya miƙe ya tsaya a rabin hanya. Hayaƙi na bi ta kan rufin gidaje, daga dandali ana ta tafi. Ya jawo kujera ya zauna, ya shiga koyon yadda ake tura hoto.