Warin da Ke Bakin Lailatu

Asiya ta fara jin warin ne wata safiyar Talata, a tsakar gidansu da ke unguwar Dagmanet, lokacin da ƴarta Lailatu ta sunkuyo ta gaishe ta. Wari ne mai ɗan zaƙi, kamar na lemun garin Timia da ya daɗe cikin buhu. Kofin shayi ya kusa suɓuce mata.

Ta san warin nan. Shi ne ya cika ɗakin mijinta Saidou a kwana biyun ƙarshe na rayuwarsa, shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ciwon sukari ya kayar da shi. Yana amai, yana numfashi da sauri, yana neman ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ita kuma ta ɗauka zazzaɓi ne, har lokaci ya ƙure.

Lailatu malamar makaranta ce. Mako uku ke nan da ta daina cin tuwo da shinkafa da burodi, ko dabino ba ta taɓawa. Sai ƙwai, nama, cuku da zogale da man gyaɗa.

Asiya ta dafa shinkafa ta ajiye mata, shinkafar ta huce a kwano. Kwana uku tana bin ƴarta da ido, tana ƙirga sau nawa ta je bakin randa. Ran Juma'a ta kasa daurewa.

"Ɗauko mayafinki, mu je likita."

"Inna, lafiyata ƙalau."

"Haka babanki ya ce mini. Bakinki warinsa yake yi."

Lailatu ta ɗauko mayafin.

Likitar, mace mai sanyin murya, ta saurari labarin ciwon Saidou da abincin da Lailatu ta daina ci, ta soki yatsan Lailatu ta auna jini, ta auna fitsari, sannan ta juyo ga Asiya.

"Inna, sukarinta daidai yake. In mutum ya rage hatsi da zaƙi sosai, jiki yakan koma ƙona kitse don ya samu ƙarfi. Kitsen in ya ƙone yana fitar da wani abu da muke kira seton, shi kike ji a numfashinta. Nata kaɗan ne, jikinta na riƙe da linzaminsa."

"To shi marigayi fa?"

"Abu ɗaya ne, amma nasa ya yi ambaliya. Jikinsa ya rasa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari, sukari ya hau, seton ya lalata jinin. Ita, in kin ga amai, ko ƙishirwa mai tsanani, ko numfashi da sauri, ku zo nan take." Ta dubi Lailatu. "Ke kuma da sai ki fara zuwa wurina kafin ki soma. Ki riƙa shan ruwa, ki ƙara ganye, ki dawo bayan wata guda."

A hanya Lailatu ta ce, "Tsoron ciwon Baba ne ya sa na fara, Inna."

Asiya ta gyaɗa kai. Ta tsaya a kasuwa ta sayi ƙwai da zogale da kanta.

Ta yarda da maganar likita, hancinta ne ya ƙi yarda. Har yau in suka zauna cin abinci, sai ta duba inda iska ke fitowa, ta ja tabarmarta can, don kada numfashin ƴarta ya iso gare ta.