Jarumtar Kwana Uku

A gidanmu na Rijiyar Lemo ba a kawo misalin raki sai da ni. Shekarata talatin da ɗaya, amma ko ƙaya ce ta soke ni sai maƙwabta sun leƙo ta katanga. Mahaifiyata, Inna Yagana, ta haifi takwas ba wanda ya taɓa jin nishinta, kuma ba ta gajiya da faɗa. "Ikhlas, anya ba musanyarki aka yi min a asibiti ba?" In ta faɗa nakan yi dariya, amma wallahi maganar tana yi min ciwo.

Ga kuma kunnena. Hujin da na ƙara don gayu ne ya yi tsiro, ya yi ta girma har ya kai goro. Shekara tara ina jan ɗankwali a kansa, biki ko suna ina can ƙurya. Likita ya ce a yanke, na ce a kai kasuwa.

Nkechi ce ta karya min taurin kai. Ƙawata ce tun yarinta, iyayenmu maza tare suka yi aikin jirgin ƙasa. Yanzu nas ce a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari.

"Akwai wata allura," in ji ta. "Likita yana gama ɗinki zai yi miki ita a wurin. Kwana biyu zuwa uku kunnen nan ba naki ba ne."

"Rantse."

"Ni ba na rantsuwa. Ki zo ran Talata."

Na je a tsorace, na fito ina neman ciwon ban gan shi ba. Na taɓa bandejin, shiru. Na girgiza kai, shiru! Nkechi ta damƙa min ƙwayoyi a 'yar leda.

"Gobe da yamma ki fara sha, kada ki jira ciwon ya iso. Barci kawai allurar ta sa shi, ba kashe shi ta yi ba."

Wa ya tsaya sauraronta? Lokacin zaɓe ne, motocin kamfen sun cika Titin Ibrahim Taiwo da kiɗa, ni kuwa ina cikin adaidaita sahu ina ɗaga wa kowace jam'iyya hannu. Har direban ya juyo ya tambaya ko lafiya.

Ina shiga gida Inna ta tare ni. "Da zafi?"

Gaskiyar tana bakina, Allah ya sani. Sai na ga yadda take kallona, irin kallon da ban taɓa samu ba.

"Ɗan kaɗan, Inna. Ana daurewa."

Inna ta tafa hannu ta yi salati. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, 'yan dubiya suka fara sallama da lemo da ayaba. Duk wadda ta shigo sai Inna ta ce, "Wuƙa aka sa mata, ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. Jinina ne!"

To bayan wannan kirari da wane baki zan sha magani? Na cusa ledar ƙarƙashin katifa.

Kai, na sha daɗin kwanakin nan! A bakina wuƙar likita ta yi ta tsawo har ta koma ta mahauta. Na zaunar da matar yayana mai ciki wata takwas na yi mata nasiha a kan dauriya, ni Ikhlas, wadda mutum huɗu suka taɓa dannewa don allurar zazzaɓi. Nkechi ta bugo waya ran Alhamis, na ce ina shan maganin a kan kari. Inna kuwa da hannunta take tsame min tsokar kaza.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗaki ya cika maƙil. Ina tsakiyar labari, na kai wurin da likita da kansa ya ce bai taɓa ganin mace irina ba, sai na ji kamar tururuwa tana tafiya a kunnena. Na ci gaba. Tururuwa ta koma rina. Can sai ga mai gayya mai aiki, kamar an ɗora min garwashi, yana bugawa har cikin haƙora. Gumi ya karyo min. Na cije leɓe ina murmushi, tsoro ya cika ni: in na yi ihu yanzu, na koma Ikhlas ta da, da ƙarin sunan maƙaryaciya.

"Sai me likitan ya ce?" wata gwaggona ta tambaya.



Inna ta miƙe. "To jama'a, an gode, Allah ya bar zumunci. Jaruma za ta huta." Ta raka su har zaure, ta dawo ta tura ƙofa. Sai ta kwance haɓar zaninta, ga ledar ƙwayoyina.

"Tun jiya na gan ta ina gyaran gado. Buɗe baki."

Na haɗiye da ƙyar. "Inna, allura ce. Ba jarumta ba ce."

"Na sani. Tun kina hanya Nkechi ta bugo ta gaya min."

"To me ya sa kika yi ta yabona a gaban mutane?"

Ta zauna ta jawo kaina kan cinyarta, ta ɓangaren kunne mai lafiya.

"Shekara tara rabona da ganin haƙoranki a cikin mutane. Da ni zan katse miki?" Ta shafa min kai. "Ni ma na yi kuka a haihuwarki, filo na cusa a baki. Yi kukanki, na rufe ƙofa."

Na kuwa sake shi gaba ɗaya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.