Matar Da Ke Gefen Hoton

Ƙwallon ta zagaya bakin kwandon sau ɗaya, ta sake zagayawa kamar mai shawarar shiga, sannan ta faɗo waje. Jifa na biyu ke nan da Lamba Bakwai ta ɓarar. Aka busa tashi. An cinye ƙungiyar mata ta ƙasa da maki ɗaya tal.

A shagon ɗaukar hoto, maza huɗu suka yi tsit a gaban talabijin ɗin da ke maƙale saman kanta. Hantsi ya ɗaga, fankar sama tana ta juya zafi.

"Wallahi ko kakata aka miƙa wa ƙwallon nan, da ta jefa ɗaya," in ji Direba, yana dukan cinyarsa da hula.

"Kakar taka da ta rasu?" Tela ya tambaya.

"Ita fa. Daga kwance ma."

Malam, tsohon malamin firamare da ke zuwa shagon don karanta jarida a inuwa, ya gyara tabarau. "Ku dai ji tsoron Allah. Maki goma sha takwas yarinyar nan ta ci. Koci ne ya bar ta a fili tun farko har ƙarshe, ko numfashi bai bari ta yi ba. Ga masu tsayi can a benci suna hamma."

"Malam, jifa biyu aka ba ta, babu mai tare ta, babu mai taɓa ta. Ita da kwando kawai, kamar ni da sitiyari."

"Kai da sitiyarin naka sau nawa kuka shiga kwata bana?"

Aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. Ɗaya bayan ɗaya idanunsu suka koma kan mai shagon, wanda ke zaune bayan kwamfuta yana jujjuya almakashi a hannu.

A gida Auta ake kiransa. A intanet kuwa sunansa Allura. Shekara uku ke nan yana tafiyar da wani shafi na masoya ƙwallon kwando, mai mabiya sama da dubu arba'in, kuma abin da ya tara masa jama'a shi ne hotunan barkwancin da yake haɗawa bayan kowane wasa. In ɗan wasa ko 'yar wasa ta yi kuskure, kafin gumi ya bushe a jikinta hoton Allura ya fita. Duk duniya, waɗannan mutum ukun kaɗai suka san wane ne Allura. Sun kuma san Lamba Bakwai 'yar yayarsa ce, wadda a gida ake kira Doguwa.

Wayarsa ta fara rawa a kan tebur. *Ina Allura? Allura ya yi barci ne? Yau akwai nama, a kawo wuƙa.*

"To, maigida," Tela ya ce, yana murmushin da bai kai ido ba. "Jama'a na jira."

"Ina da fasfo goma sha biyu da zan yanke."

"Ranar Hannun Sabulu ma kana da fasfo, amma minti goma ba su cika ba ka sake ta."

Auta ya ajiye almakashin. Bara ne ya zana wa Lamba Huɗu sabulu a tafin hannu bayan ƙwallo ta kuɓuce mata sau uku a wasa ɗaya. Sunan ya bi ta har filin atisaye, har bakin yara a titi. Bana babu ita a ƙungiyar, an ce ta bar wasan gaba ɗaya.

"Waccan ma 'yar yayar wani ce," Tela ya ƙara da cewa. "Kai ka rubuta a saman shafinka, ba sani ba sabo. Ko ni na rubuta?"

"Bar shi mana," in ji Malam.

"Ni tambaya kawai na yi."

* * *

Bayan sun watse, ya kasa zama. Ya yanke fasfo biyu, ya karkatar da kunnen wani bawan Allah, ya jefa a shara. Ya leƙa titi, ya dawo. Ya kashe fanka, ya sake kunnawa.

Tambayar Tela ce ta tsaya masa a wuya. Shekara uku yana gaya wa kansa cewa gyara yake yi, cewa wanda ya sa rigar ƙasa dole ya ji ta bakin 'yan ƙasa. In haka ne, Doguwa ma rigar ta sa. In ya ƙyale ta don jininsa ce, to ashe ya san abin yana da ciwo, ashe tun farko ya sani, yana dai zaɓar 'ya'yan da ba zai haɗu da iyayensu ba. In kuma ya yi mata, da wane ido zai kalli Yaya?

Sai wata dabara ta faɗo masa, ya ji kamar an buɗe taga. Ai ko ya yi shiru wasu za su yi, kuma su ba su da tausayi. Ya riga ya ga ɗaya yana yawo, an ɗora kan Doguwa a jikin jaki. Amma in shi ya rigaye su da wani abu mai laushi, wanda za a yi dariya a kuma ji tausayinta, jama'a za su bi nasa, don kullum nasa suke bi. Kare ta zai yi ke nan. Adalci ya tsaya, zumunci bai karye ba.

Ya shiga tsofaffin hotunan da ke cikin kwamfutar, ya yi ta gangarawa har shekara goma sha huɗu baya. Ga shi nan. Doguwa tana da shekara tara, ba takalmi, ta ɗage a kan 'yan yatsun ƙafa tana jefa ƙwallon roba a wani bokiti mai fasasshen gindi da shi da kansa ya kafa mata a bango. Harshenta a waje, idonta a sama. Da kyamararsa ta farko ya ɗauke shi. Wani kwafin yana rataye a ɗakin Yaya har yau.

Ya daɗe a kan fuskar yarinyar. Ya ƙara mata haske, ya goge ƙurar da ke goshinta, ya tabbatar babu abin da zai muzanta ta. Ya rubuta a ƙasa: *Tun tana ƙarama take neman bakin bokitin nan. A yi haƙuri, ana kan koyo.* Ya karanta sau uku, ya ga babu zagi a ciki. Ya saki.

Minti biyar, mutum ɗari shida sun yi dariya. Wata ta rubuta, *Allah sarki, ashe daga nesa ta taso.* Auta ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauki almakashi, ya koma kan fasfo.

* * *

Bayan azahar Malam ya dawo shagon, bai zauna ba. Ya miƙa masa wayarsa.

"Ka duba gefen hoton kafin ka saki?"

Wani ne ya yanko kusurwar hagu ta ƙasa, ya faɗaɗa ta. Wata mata ce duƙe a kan baho, da ɗaurin ƙirji, kai babu ɗankwali, kafaɗunta a waje, tulin kayan wankin mutane a gefenta. Hoton ya ɗan dushe, amma duk wanda ya san ta zai gane ta.

Yaya ce.

Sai a lokacin ya tuna. Wanda ke rataye a ɗakinta, shi da kansa ya yanke wannan gefen kafin ya wanke mata. Na cikin kwamfutar cikakke ne. Shi da sana'arsa ita ce duba gefen hoto, yau fuskar yarinyar kaɗai ya kalla.

Ya gangara ƙasa yana karantawa. *Ashe 'yar mai wankau ce, shi ya sa ta wanke mu.* *Uwa tsirara, 'ya da gajeren wando, gida ya yi kyau.* *A mayar da ita bakin baho.* Wani ya haɗa hoton da na Doguwa tana kuka bayan wasa. Wani ya ambaci layin da Yaya take zaune.

Ya goge nasa nan take. Ya rubuta roƙo, ya ce uwa ce, a ji tsoron Allah, a sauke. Suka yi masa ca. *Allura ya tuba! Nawa aka ba ka?* Hoton kuwa ya riga ya bar hannunsa, yana shafuka goma, ashirin, yana wayoyin mutanen da ba su taɓa kallon ƙwallon kwando ba.

Direba ya leƙo ta ƙofa, ya ga fuskokinsu, ya sosa ƙeya. "Ni fa ban tura wa kowa ba. Mutum biyu kawai." Shagon Tela kuwa a rufe yake tun azahar.

"Ni dai so na yi in kare ta," Auta ya ce.

"Na sani," in ji Malam. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. "Je ka gida wurin yayarka."

Yana cikin rufe shago saƙon murya ya shigo daga wata lamba ta ƙasar waje. Ya jingina da ƙofar ƙarfen ya saurara. Muryar Doguwa a dushe take, ana jin ƙarar takalma a kan katako a bayanta.

"Kawu, ina wuni. Na ga hoton. Na ɗakin Umma babu ita a ciki, mai ita a ciki wuri ɗaya yake, kai ka taɓa nuna min." Ya ji tana jan hanci. "Ni na saba, Kawu, zagi ba ya hana ni cin abinci. Amma ita me ta ɓarar? Ba zan gaya mata kai ka sake shi ba, kai ma kar ka gaya mata, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Gobe muna da wasa. Don Allah in na sake ɓararwa, ni kaɗai."

Ya saurara sau biyu. Ya danna zai amsa, ya riƙe har daƙiƙa ashirin, ya goge.

* * *

Ya sauka daga mota tun kafin layinsu, ya ƙarasa da ƙafa. Wasu 'yan mata biyu a bakin famfo suka haɗa kai a kan waya ɗaya, da suka gan shi suka ɓoye ta.

Yaya tana zaune a bakin gado, lulluɓe da babban mayafi har goshi, a cikin ɗakinta, a wannan zafin. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijinta ya mutu dangi suka ja da baya, da bahon nan ta ciyar da shi da Doguwa, da shi ta saya masa kyamara. Da aka taso mata a kan ta bar 'ya mace tana tsalle gaban maza, ita kaɗai ta tsaya. Shekara takwas ke nan da ta daina wankau, ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi.

"Auta, ka zo? Zauna. Ka gani ko?"

"Na gani, Yaya."

"Matar mai gidan nan ce ta kawo min. Wai ta zo jaje, tana ta matso min da shi kusa da ido, ko ban gane kaina ba." Ta yi wata 'yar dariya. "Na gane mana. Har zanen na gane."

Ya zauna a kan tabarma, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Tun ɗazu nake tunani," ta ce. "Hoton nan a na'urarka yake. Na ce wa kaina, cikin masu zaman shagon nan ne wani ya faki idonka ya sace. Na sha gaya maka, ka cika yarda da mutane. Kowa ka ba shi kujera, kowa ka ba shi shayi."

"Yaya…"

"Kar ka ɗora wa kanka. Ka ga yadda ka koma? Kamar kai aka yi wa." Ta jawo kwanon shinkafa da ke rufe a gefen gado, ta ajiye a gabansa. "Yarinyar ta kira ni. Wai in daina kuka, ita ko a jikinta. Ƙarya take, na ji muryarta."

Maganar tana bakinsa, ya ji nauyinta a kan harshe. Ya dubi ƙwayoyin maganin da ke kan tebur. Bai san ko don Doguwa ta hana shi yake shiru ba, ko don ya ji daɗin da ta hana shi. Ya laluba zuciyarsa, ya tarar da duka biyun zaune tare.

Yaya ta fito da hannuwanta daga cikin mayafi, ta ɗaga su. Fatar bayansu har yanzu a tattare take, sabulun shekaru ya cinye gefen faratan.

"Ya Allah, ni ban san shi ba, kai ka san shi. Ban roƙe ka ka taɓa lafiyarsa ba, ban roƙe ka ka taɓa abincinsa ba. Yadda ya buɗe ni a gaban duniya, ka buɗe shi a gaban wanda ya fi jin kunya."

Ta tsaya, hannuwan suna sama. A waje wani ya wuce da rediyo, ana ta musu a kan wasan gobe.

"Auta. Ba ka ce amin ba."

"Amin," ya ce.

Ta shafa fuskarta, ta buɗe kwanon. Ta laluba da cokali har ta samo tsokar da ta fi girma, ta turo ta gefensa.