Rumbun Muttaka

A gidan Muttaka, a wani ƙauye kusa da Gangara, mace ba ta leƙa rumbu. Haka ya tarar wurin ubansa. Maigida ne ke hawa tsani, ya ɗaga murfin, ya shiga ya miƙo dami, matar ta karɓa daga ƙasa ba ta san ko an kusa taɓa gindi ba. Wai don kada hankalinta ya tashi! Shekara talatin da huɗu ke nan yana miƙo wa matarsa Kadi hatsi a haka, kuma yana ji da abin.

To, ƙirji ina ruwansa da al'ada? Tabar da ya zuƙa da ƙuruciya, ko da ya bari tuni, ta toshe masa huhu. Bara da ya shiga rumbu ƙurar hatsi ta kama shi, tari ya koma zazzaɓi, sai da ya kwana tara a likitar Gazawa. Ranar sallama majo Abdulhadi, babban ma'aikacin jinya, ya ba shi abin shaƙa, ya ce, "Baba, ciwon nan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ka ga kaki ya koma kore, ko numfashi ya fi kullum wuya, ka zo ran nan, kada ka jira. Hayaƙi da ƙurar rumbu kuwa, kun yi sallama."

Muttaka ya bi magana, ba laifi. Ɗansa Surajo ne ya riƙa shiga rumbu, shi kuwa yana zaune gindin itacen bedi yana tufkar igiya, har ya yi ƙiba. Sai bayan girbin bana Surajo ya tafi cirani.

Ran wata Talata Kadi ta duba gwangwanin da yake tofa kaki, ta ga kore. Ba ta tsaya gardama ba, ta kira mai moto. Majo ya saurari ƙirjin, ya ce sun zo da wuri, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a shanye su duka ko da an ji sauƙi. Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Ran nan kuma hatsin da Surajo ya fitar kafin ya tafi ya ƙare.

Da hantsi Muttaka ya jingina tsani. Kadi na kallonsa. Taki ɗaya, biyu, a na uku ƙirjin ya fara fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Ya sauko da ƙyar, idanu waje. Kadi ta zaunar da shi kan turmi, ta girgiza abin shaƙa ta miƙa masa.

Ta ce, "Shaƙa, Malam. Yawwa. Tsuke baki ka hura a hankali, kamar mai hura kunu."

Da ya samu kansa ya ce, "Gobe na shiga."

"Gobe ma ƙirjin nan ne. Yau me za mu ci?"

Gaskiya tsoro ya kama shi, don bai manta da kwanan nan tara ba. Amma a ce rumbunsa, yana raye, sai ya roƙi maƙwabci ya shigar masa? Kai, da kunya.

Yana cikin wannan tunani sai ya ga Kadi ta ɗaure zane tamau, ta rufe hanci da kallabi, ta kama tsani.

"Ke Kadi! Ina za ki?"

Ko waiwaye. Ya buɗe baki zai ce ta kula da taki na huɗu, wanda ya yi shekaru yana girgiɗi, daga shi sai Surajo suka san da shi. Kafin ya yi magana ta tsallake shi, ko duba ƙafarta ba ta yi ba. Ta ture murfin ta shige. Jim kaɗan dami ya faɗo tim.

Da ta sauko ya dube ta ya ce, "Wa ya gaya maki takin nan ya lalace?"

Ta kwashe da dariya. "Haba Malam! Kwana tara kana Gazawa, Surajo na jinyarka. Me kake tsammani muka ci, ni da jikoki? Iska?"

Bara damina ba ta yi kyau ba, rumbun ya kusa zama wayam, ya ɓoye mata iyakar ƙoƙarinsa.

"Kin ga gindinsa ke nan?"

"Na gani. Shi ya sa na riƙa tsinka fura, kana ta mita wai hannuna ya lalace."

Muttaka ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, amma daɗin da ya ji ya fi ta. Ashe abin da ya yi zaton shi kaɗai ke ɗauke da shi, su biyu ne.

Kadi ta jawo damin ta ce, "Tashi ka koma bayan iska, sussuka zan yi."

Ya tashi ba musu, ya sa abin shaƙarsa aljihu. Amma bai tafi hannu wofi ba, tsanin ya ja zuwa gindin bedi. Ya zaɓi igiya mafi ƙwari cikin waɗanda ya tufka, ya zauna yana ɗaure taki na huɗu.